Tsofaffin kibod biyar a kan kwamfuta ɗaya: wace adafta ce take aiki?

Abu Nana:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Akwai tsofaffin kibod guda biyar da nake so su yi aiki tare a kan kwamfutar tebur ɗaya, wadda ba ta da ramin PS/2 (zagayayyen ramin kibod na tsofaffin kwamfutoci) ko ɗaya, USB kaɗai gare ta. Biyu daga ciki masu ƙaramin kai zagayayye ne mai fil shida, Dell da Compaq. Na uku IBM ne mai nauyi da ƙara, an rubuta 1391401 a bayansa, shi ma fil shida. Na huɗu babban kai gare shi mai fil biyar, babu sunan kamfani. Na biyar na Apple ne mai fil huɗu.

Adaftocin da ke hannuna ƙanana ne, 'yan dunƙule marasa waya, kuma babu kibod ɗin da ya kawo wuta da su. Me ya kamata in saya? Shin wayar nan mai reshe biyu za ta iya ɗaukar kibod biyu? Burina shi ne ɗaya ya zama na rubutun Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ, ɗaya na Larabci, sauran na aikin yau da kullum. Na gode.

Injiniya Mai Bod:

Wa alaikumus salam Malam Abu Nana. Adaftocin da ke hannunka ba lalatattu ba ne, ba aikinsu ba ne kawai. Cikinsu babu komai sai wayoyi huɗu da aka kai daga wannan kai zuwa wancan. An yi su ne domin kibod da linzamin da aka ƙera da iya yare biyu, wato su da kansu suke gane ko a USB aka saka su ko a PS/2, su sauya. Kibod ɗin da aka ƙera kafin zuwan USB bai san wannan ba. PS/2 yana da layin bugun agogo da layin saƙo, yana tura kowace lamba a bit 11 bisa bugun da bai wuce 10 zuwa 16.7 kHz ba. USB tsarinsa daban ne tun daga tushe. Dole a sami IC, wato ɗan guntun lantarki mai sarrafa saƙo, a tsakani da zai saurari kibod ɗin ya fassara wa kwamfuta.

Don haka abin da za ka nema shi ne adafta mai IC a ciki, kuma kowane kibod da tasa. Idan ka je saye, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ka saka adaftar ita kaɗai a kwamfuta, ba tare da kibod ba. Mai IC za ta sa Windows ta yi ƙarar shigar sabuwar na'ura, kuma za ka ga ƙarin kibod ɗaya a Device Manager, inda Windows ke jero na'urorin da ke jikin kwamfuta. Wadda babu komai cikinta shiru za ka ji. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, a shagon ma za ka iya yinsa.

Batun waya mai reshe biyu kuwa, iri biyu ce, kuma babu wadda za ta ɗauki kibod biyu. Ta farko ita ce ta tsofaffin laftof, PS/2 ɗaya ya rabu biyu. A ramin PS/2 fil na 1 saƙo ne, na 3 ƙasa, na 4 shi ne 5V, na 5 agogo, na 2 da na 6 ba sa aiki. Masu laftof suka ɗauki na 2 da na 6 suka ba linzami. Ke nan reshe ɗaya na kibod ne, ɗaya na linzami. Ta biyu ita ce mai kan USB da jela biyu, shunayya da kore. Wannan tana da IC, kuma shunayyar za ta yi maka aiki, amma koren saƙon linzami yake jira. Ka saka kibod a ciki zai iya kawo wuta, ba zai rubuta komai ba.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar haɗe wayoyin kibod biyu a kan adafta ɗaya. Idan adafta ta aika umarnin farawa, dukansu biyu za su amsa a layi ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne da bugun agogonsa, saƙon ya cakuɗe. Ko da an yi sa'a sun tashi, ranar da aka danna su tare shirme zai fito.

Mai fil biyar ɗin nan shi ne ke buƙatar bincike. Irin wannan kai yare biyu ne suka yi amfani da shi. Na farko XT, daga IBM PC ta 1981 da XT ta 1983. Na biyu AT, daga 1984. PS/2 da ya fito a 1987 AT ne aka ƙanƙantar masa da kai, yaren bai canza ba. Idan naka AT ne, 'yar adafta maras IC daga fil biyar zuwa fil shida ta isa, sai ka ɗora ta a kan mai IC ɗin zuwa USB. Idan XT ne wannan hanya ba za ta ɓulle ba. Ka juya shi ka duba ƙarƙashinsa, ko bayan ƙafar da ake ɗaga shi da ita. Yawancin kibod na ƙarshen shekarun 1980 suna da ɗan makunni mai X da A, wasu an rubuta 8088 da 80286. Ka mayar da shi A tun kafin ka ba shi wuta, domin a lokacin tashi ne kawai yake duba makunnin.

Abu ɗaya da ke cin kuɗin mutane: wayar MIDI zuwa USB ta masu kiɗa, kanta daidai yake da wannan babban kai, yana shiga ɗaf. Ba ta da alaƙa da kibod ɗin rubutu.

Ɗan Zariya:

Injiniya ya gama da batun yare, bari in ɗauki na wuta, don a nan ne galibi aiki yake tsayawa bayan an sayi adafta ta ƙwarai.

Ramin USB 2.0 na jikin kwamfuta yana ba da 500 mA, na 3.0 yana ba da 900 mA. Amma hob, wato na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa ramuka da yawa, idan ba shi da cajarsa, a ƙa'ida 100 mA kawai yake ba kowane rami, domin da shi da duk abin da ke jikinsa rabon 500 ɗin nan suke yi. IBM ɗinka, 1391401, shi ne Model M, kuma na farko-farkonsu suna jan sama da 100 mA su kaɗai, ban da abin da IC ɗin adafta zai ci. Ga kuma raguwar ƙarfin wuta: ƙa'idar USB ta yarda ramin irin wannan hob ya sauka har 4.4V, alhali kibod na PS/2 an tsara shi ne a kan 4.5 zuwa 5.5V. Alamomin a bayyane suke. Fitilu uku su yi ta ƙyaftawa ba su tsaya ba, ko ya yi aiki lafiya sai an kunna Caps Lock da Num Lock tare ya ɗauke, ko harafi ɗaya ya maƙale ya yi ta zuba saboda saƙon sakin maɓalli ya ɓata a hanya.

Lissafin da nake ba da shawara: a ware wa kowane tsohon kibod da adaftarsa 200 mA. Biyar ya zama 1A. Hob mai rami bakwai da caja 5V 2A ya wadatar, har da rara. USB 2.0 ya isa, kibod ba ya buƙatar gudu. Model M ɗin kuwa gara ka kai shi kai tsaye ramin bayan kwamfuta. Ramukan gaba ta siririyar waya suke zuwa daga bod, kuma a tsofaffin akwatuna su ne suka fi sakwarkwacewa.

Ka kula da cajar hob ɗin. Bakinta yakan yi daidai da na cajar rauta ko dikoda mai 12V, kuma wasu hob ɗin kai tsaye suke miƙa abin da ya shigo zuwa ramuka. A saka 12V sau ɗaya, duk abin da ke jiki ya ƙone. Ka ɗaura mata tef ka rubuta 5V. Sannan wasu masu arha suna mayar da wuta baya zuwa kwamfuta. Ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga bango, ka bar hob a kunne. Idan fitilar bod ba ta mutu ba, ko fanka ta motsa, ka canza hob.

Tsarin sakawa ma yana da muhimmanci. Kibod a jikin adafta tukuna, sannan adafta a USB. PS/2 ba a yi shi don zarewa da sakawa da wuta a jiki ba, kuma adaftoci da yawa sau ɗaya suke gaisawa da kibod, lokacin da suka sami wuta. Idan za ka sauya kibod, ɓangaren USB za ka fara zarewa. Tunda sun daɗe a ajiye, ka haska cikin kan kowanne da tocila. Fil ɗaya da ya lanƙwashe ko ƙurar da ta daskare ta isa ta sa ka zargi adafta a banza. Ɗan sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bari ya bushe sarai.

Abu Nana:

Allah ya saka da alheri. Na duba mai fil biyar, babu makunni ko ɗaya. Maɓallansa 83 ne, F1 zuwa F10 suna gefen hagu a layi biyu, kuma ba shi da fitilu. Na Apple kuma an rubuta Apple Extended Keyboard II. To batun raba Hausa da Larabci fa?

Maman Sadiq:

Malam Abu Nana, wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce ya kamata a warware kafin ka kashe kuɗi, don amsarta ta dogara ne ga manhajar da ke tuƙa kwamfutar, ba ga adafta ba.

Kibod ba ya aika harafi. Lambar gurbin maɓalli yake aikawa, kwamfuta ce ke yanke cewa wannan gurbi k ne, ko ƙ, ko kafun na Larabci. Windows kuma duk kibod ɗin da ka saka mata zuba su take yi a magudana ɗaya. Ko goma ne, wurin rubutu ɗaya ne, tsarin haruffa ɗaya ne a kowane lokaci. Ka riƙe Shift a Dell ka danna harafi a Compaq, babban baƙi zai fito. Ka kunna Caps Lock a ɗaya, ya hau kan duka. Windows tana da tsarin Hausa da na Larabci a cikinta, za ka iya ƙara su ka riƙa sauyawa da Alt na hagu da Shift, amma idan ka sauya, duka biyar ne suka sauya. Haka ma SharpKeys, manhajar sauya aikin maɓalli, abin da yake rubutawa a rajistar Windows kan kowane kibod yake hawa.

Akwai hanyar kewayewa: direban Interception tare da AutoHotInterception, ko LuaMacros, waɗanda ke iya gane daga wane kibod dannawa ta fito. Suna da kyau wajen mayar da kibod ɗaya na gajerun umarni. Amma a ce da su za a riƙa buga takardun Larabci kullum, ban ba ka shawara ba. Interception kibod 10 kawai yake ƙirgawa, kuma duk zarewa da sakawa tana iya cin gurbi ɗaya, idan gurabun suka ƙare kibod ya daina aiki sai an sake kunna kwamfuta. A inda wuta ke ɗaukewa hob yana mutuwa yana tashi, wannan matsala ce ta gaske.

A Linux abin da kake so yana nan a shirye, matuƙar kana kan X11, tsohon tsarin nuna hoto na Linux, misali Linux Mint mai Xfce. Ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

xinput list

Zai jero kowane kibod da lambarsa. A ce na Hausa ya fito da 11, na Larabci da 13:

setxkbmap -device 11 -layout ng -variant hausa
setxkbmap -device 13 -layout ara

Shi ke nan, kowanne ya kama nasa, ba sai ka sauya komai ba, hannu kawai za ka ɗauke daga wannan zuwa wancan. Akwai kuma tsarin Hausa na Ghana a ƙarƙashin gh, ga wanda ya saba da shi.

Inda ake samun cikas biyu ne. Lambobin nan suna canzawa bayan an sake kunna kwamfuta. Sannan adaftoci masu arha 'yan gida ɗaya suna zuwa da suna ɗaya da lambar shaida ɗaya, babu lambar da ta bambanta wannan da wancan. Ka rubuta lsusb za ka iya ganin 0a81:0205 sau uku a jere, ko 13ba:0018, wadda take fitowa da sunan na'urar karanta lambar kaya ko da yake adaftar kibod ce. Mafita ita ce a gane su ta ramin da suke ciki, ta babban fayil ɗin /dev/input/by-path, wanda sunayensa ba sa canzawa muddin kowace adafta tana raminta. Ka liƙa wa ramukan hob lamba, ka liƙa wa wayoyin irinta. Mafi sauƙi ma, tun wajen saye ka ɗauki adaftar kibod ɗin Hausa daga kamfani ɗaya, ta Larabci daga wani, sai ka rubuta dokar kowacce a xorg.conf.d, inda ake ajiye saitin X11, da MatchUSBID mai gane na'ura ta lambar shaidarta, ta zauna dindindin.

Idan tebur ɗin GNOME ne a kan Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, umarnin setxkbmap ɗin nan ba zai yi tasiri ba. Amma Sway, wani tebur na Wayland, yana ba kowane kibod nasa tsarin a fayil ɗin saitinsa.

Ko a Linux ɗin, wurin rubutu ɗaya ne ga duka. Idan nufin shi ne mutum biyu su zauna kowa yana buga nasa aikin, wannan sai an raba kwamfutar zuwa kujeru, wato mazaunin aiki daban ga kowa, da umarnin loginctl attach, kowace kujera da katin hotonta da allonta, kuma ya fi sauƙi kowace ta sami hob ɗinta a miƙa mata shi ɗungurungum. A Windows sai da manhaja ta kuɗi irin ASTER.

Injiniya Mai Bod:

Maɓalli 83, F a gefen hagu, babu fitilu, babu makunni: wannan XT ne. Rashin fitilun ma shaida ce, domin a XT saƙo hanya ɗaya yake bi, daga kibod zuwa kwamfuta, kwamfuta ba ta da yadda za ta ce masa ya kunna fitila. Adaftar kasuwa ba za ta ji yarensa ba. Sai dai a haɗa masa tasa, kuma aikin bai fi na awa ɗaya ba ga wanda ya iya riƙe ƙarfen soda.

Kayan aiki: bod ɗin Pro Micro mai ATmega32U4, lallai mai 5V 16 MHz, ba mai 3.3V 8 MHz ba. Soket ɗin DIN mace, wato ramin da babban kan nan yake shiga, mai fil biyar da suka yi rabin da'ira, digiri 180. Razisto biyu, ko wanne tsakanin 1k da 4.7k. Gajerun wayoyi huɗu. Manhajar da za a zuba masa kuma ko Soarer's Converter ko ibmpc_usb na TMK, wani tarin manhajojin kibod. Dukansu suna gane XT da AT da PS/2 da kansu.

A soket ɗin, fil na 1 agogo, na 2 saƙo, na 4 ƙasa, na 5 shi ne 5V. Na 3 na sake tayar da kibod ne, yawanci ana barinsa. Saƙo ya tafi PD0, wanda a jikin Pro Micro aka rubuta 3. Agogo ya tafi PD1, wanda aka rubuta 2. Razisto ɗaya daga saƙo zuwa 5V, ɗaya daga agogo zuwa 5V. Wutar kibod ka ɗauke ta daga RAW, ko ka haɗe J1 da dalma ka ɗauka daga VCC. In ba haka ba wutar za ta bi ta cikin mai daidaita ta, ta fito ƙasa da 5V, mu koma matsalar da Ɗan Zariya ya bayyana.

A nan ne nake roƙon ka nutsu. Lambobin DIN ba a jere suke ba, 1, 4, 2, 5, 3 suke bi a kan rabin da'irar. Zanen da za ka gani kuma wani daga gaban soket aka ɗauke shi, wani daga bayansa inda ake soda, ɗaya juyin ɗaya ne. Idan ka bi zane a juye, 5V zai koma gurbin ƙasa, kuma IC ɗin kibod na shekara arba'in ba a samunsa a kasuwa. Kada ka dogara da launin waya. Ka buɗe kibod ɗin, ka sa mita a ma'aunin ƙara, ka nemo fil ɗin da ke haɗe da ƙafar ragi (mai alamar −) ta babbar kafasitar da ke kusa da shigar waya, shi ne ƙasa. Wanda ke haɗe da ɗaya ƙafar shi ne 5V. Bayan ka gama soda, ka saka Pro Micro a USB babu kibod, ka auna soket ɗin ka tabbatar, sannan ka haɗa. Idan agogo da saƙo ne suka juya babu abin da zai ƙone, ba zai rubuta ba ne kawai, sai ka musanya su.

Wajen zuba manhaja, ka taɓa RST da GND sau biyu da sauri, bod ɗin zai buɗe ƙofa na daƙiƙa 8, QMK Toolbox ya zuba fayil ɗin atmega32u4.

Kuma ina ganin Model M ɗin ma irin wannan ya cancanta, da soket mai fil shida a madadin mai biyar. Dalili shi ne sauya maɓalli a cikin adafta ake yinsa, don haka kibod ɗaya kawai yake shafa, ko da a Windows. Model M ba shi da maɓallin Windows. A Soarer layi uku ne:

remapblock
CAPS_LOCK LGUI
endblock

A haɗa fayil ɗin da scas, a tura shi da scwr. Idan adaftocin Soarer biyu ne a jikin kwamfuta, ka zare ɗaya kafin ka tura, don kada saitin ya shiga wadda ba ita kake nufi ba. Ta wannan hanya za ka iya mayar da maɓallan XT ɗin F13 zuwa F24, waɗanda babu su a sauran kibod, AutoHotkey ya ba kowanne aikinsa ba tare da wani direba ba. Abin da adafta ba za ta iya ba shi ne aika ƙ ko harafin Larabci da kanta, kamar yadda Maman Sadiq ta faɗa.

Ɗan Zariya:

Saura na Apple. Fil huɗun nan ADB ne, tsarin haɗa kibod na Apple, wanda ya fara a Apple IIGS a 1986, kibod ɗin naka kuma na 1990 ne. Babu abin da ya haɗa shi da PS/2, kada ka tura shi a ramin fil shida ko da ka ga kamar zai shiga. Griffin iMate ita ce adaftarsa ta da, sai dai a gwanjo. Mafi sauƙi wani Pro Micro ɗin da adb_usb na TMK. Waya uku ce: fil na 1 saƙo zuwa PD0, na 3 shi ne 5V, na 4 ƙasa, da razisto 1k daga saƙo zuwa 5V. A nan razisto ɗin dole ne, musamman da doguwar wayarsa mai naɗi. Soket ɗin irin na S-Video ne, za ka iya cire shi daga mataccen bod ɗin DVD ko tsohon katin hoto. Idan wayar kibod ɗin ta ɓata, ta S-Video takan maye gurbinta, amma ka auna tukuna: a S-Video fil na 1 da na 2 duk ƙasa ne, wasu masu ƙera waya sukan haɗe su, a ADB kuwa saƙo ne da maɓallin kunnawa. Mita ta nuna kowane fil yana tafiya shi kaɗai kafin ka yi amfani da ita.

Kibod ɗin yana da rami biyu, hagu da dama, ko wanne ka saka wayar daidai ne, ɗayan na linzami ne. Shi ma ba a zare shi da wuta a jiki. Caps Lock ɗinsa mai maƙalewa ne a ƙasa idan an danna, TMK ta san da wannan, don haka ba lalacewa ba ce. A Windows, Command zai fito a matsayin maɓallin Windows, Option a matsayin Alt, wato gurabunsu sun musanya da abin da hannu ya saba. Idan zai dame ka, ka juya su a taswirar TMK kafin ka zuba.

Ka kuma bar kibod ɗaya, Dell ko Compaq, a ramin bayan kwamfuta kai tsaye tare da Model M. Wasu BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba sa ganin kibod ta bayan hob da wuri, kuma ranar da kake buƙatar F2 ko Del shi ne zai shigar da kai. Ka duba USB Legacy Support a kunne yake. Hob ɗin sai ya ɗauki ukun da suka rage, 600 mA a lissafinmu, cajar 2A ba za ta ko ɗumi ba.